Kawu Mai Rediyo da Ranar da Aka Auna Amsar Ƙwaƙwalwarsa

Ranar addu'ar uku ta Kawu, tabarmin gidan suka kasa. Sai da aka aro na masallacin unguwa aka shimfiɗa su har bakin rumfar masu babur na haya, 'yan kabu-kabu. Mun san 'yan kasuwar Ƙonni za su zo, domin ya haura shekara arba'in yana gyaran rediyo a rumfa ɗaya, kuma da wuya ka sami gidan da bai taɓa kai masa wani abu mai waya ba. Waɗanda ba mu yi tsammani ba su ne tsofaffin ƙauye. Wasu sun zo daga Alela a amalanke, wasu daga Dogarawa a motar kasuwa, wasu ma ba mu san ta inda suka ɓullo ba. Suka zauna gefe guda, sandunansu jingine da katanga, babu wanda ya san su a cikin dangi.

Da aka shafa fatiha, ɗaya daga cikinsu ya miƙe da ƙyar, ya gyara rawaninsa, ya ce:

"Ni ba danginku ba ne. Shekara biyu ina ɗaka, hitsari na zubo mini, ko suna ban zuwa. Mutumen ga ya taho har gidana, ya zauna bisa tabarmata, bai toshe hanci ba. Shi ya kai ni likita. Abin da ya kawo ni ke nan."

Ya koma ya zauna. Babu wanda ya yi dariya, babu wanda ya sunkuyar da kai. Liman ya ce Allah ya karɓi shaida, aka amsa da amin. Shekara goma da suka wuce, da wani ya furta wannan kalma a gaban jama'a irin haka, da rabin mutanen sun tashi sun ba da wuri.

Inna, wadda ita ce ƙanwar Kawu, tana bayan katanga tare da mata, ta ji komai. Da yamma ta aiko a kira ni. Idanunta sun kumbura, amma muryarta ba ta rawa. Ta ce, "Kai ne mushe, malamin lakwal, kai ke da alƙalami. Ka rubuta shi yadda yake. Har faɗan da munka yi ka sa, kada ka rage mini komi."

To, ga shi ina rubutawa.

Kawu bai taɓa zama ajin lakwal ba, wato makarantar boko, amma idan ya buɗe bayan rediyo yakan bi wayoyin da ido kamar yadda nake bin layin littafi. Ba ya saurin ɗaukar sukudireba. Sai ya kunna rediyon, ya kara kunne, ya yi shiru har mai kayan ya ƙosa. Abin da ya fi ɓata masa rai shi ne ya ga mutum yana dukan rediyo da tafin hannu don ta yi magana. Yakan ce, "Kada ka buge ta, tambayar ta aka yi." Batir kuwa da harshe yake gwada shi, ya ɗan lasa, ya yamutsa fuska, ya ce da saura ko babu. Akwai wata ƙaramar mita mai allura da ba ta barin aljihun rigarsa, har wurin ɗaurin aure yakan je da ita. Tun ranar da aka tura ni koyarwa Malbaza ya daina kiran sunana, sai Mushe, kamar yadda 'yan lakwal ke kiran malaminsu. Ko a gaban 'ya'yana haka yake kirana, da ɗan murmushi a gefen baki.

Da rediyo ta fara ja da baya, bai tsaya kuka ba, ya koyi ɗaura farantin kama tashoshin talabijin a kan soro. A wajen wannan aiki ne tsani ya zame da shi a wani gida a Malbaza. Ya faɗo ta baya, ya tashi, ya kakkaɓe rigarsa, ya ƙarasa aikin. Wata uku bayan haka ƙafafunsa suka fara yi masa nauyi. Sannan abin da ya fi ƙafar ciwo ya biyo baya: ya daina jin cikar mararsa. Ba ya sanin fitsari ya taru, ba ya sanin ya fita, sai dai ya ji sanyi a cinya.

Wata Juma'a abin ya same shi a sahun gaba, tsakiyar huɗuba. Ya jira aka idar, mutane suka watse, sannan ya naɗe dardumarsa ya fita ta ƙofar baya. Daga ranar bai sake shiga masallaci ba, bai sake buɗe rumfa ba. Liman da kansa ya zo gida ya gaya masa cewa mai irin wannan lalura shari'a ta yi masa sauƙi, sallarsa tana nan daram. Kawu ya ce, "Na san Allah ba shi ƙyamata, Malam. Na kusa da ni cikin sahu nika ji ma."

Fiye da shekara yana ɗaka. Matarsa ta wanke wanduna har fatar hannunta ta tsattsage, ba ta taɓa cewa uffan ba. Inna kuwa ta ɗauki aikin rufa asiri. Duk wanda ya tambaya, sai ta ce ƙafa ce. Aka kawo sassaƙe da saiwoyi, aka kawo rubutu, wasu suka ce jifa ce daga abokan sana'a. Yana karɓa ya yi godiya, ya sha abin da zai iya sha. Ni kaɗai yake gaya wa abin da yake zato. Wata rana ya ce, "Mushe, ba jifa ba ce. Tsakanin marata da kaina akwai inda magana ba ta wucewa. Abin da nika son sani shi ne, ta yanke ne, ko an danne ta."

A asibitin da ke kusa da mu suka sa masa robar fitsari, suka rubuta mana takarda zuwa Yamai. Na ɗauki izini daga lakwal na raka shi. Tun daga tashar Ƙonni har muka sauka bai yarda ya sha ruwa ba, ga zafin bazara, leɓunansa duk suka bushe. Ya zaɓi kujerar ƙarshe, kusa da taga.

A Yamai aka ɗauki hoton bayansa, aka ga wani ƙashi ya goce yana matse jijiyoyin da ke ƙasan gadon baya. Likitan da ya karɓe mu ba tsoho ba ne, kuma yana jin Hausa sosai. Ya zaunar da Kawu ya ce, "Baba, hoto ya nuna mana inda aka matse, amma bai gaya mana ko saƙo yana wucewa ba. Akwai awon da za mu yi. Za mu ɗan taɓa jijiyar da ke bakin mafitsara da wuta kaɗan, mu saurara a kanka mu ji ko ƙwaƙwalwa ta amsa. In ta amsa, aikin fiɗa yana da fa'ida sosai. In ba ta amsa ba, zan gaya maka gaskiya, mu nemi wata dabarar zama da abin."

Na zaci Kawu zai ji tsoro da ya ji an ambaci wuta. Sai na ga ya gyara zama, karo na farko cikin shekara idonsa ya yi haske. Ya ce, "Wato ka sa wuta nan, ka ɗora mita can."

"Haka ne, Baba."

"Ai aikina ke nan, ɗana. Mu tahi."

Ya nemi in zauna a ɗakin, ta wajen kansa, bayan labulen da aka ja a tsakiyar gado. Aka kwantar da shi. Ma'aikacin jinya ya goge masa tsakiyar kai da goshi, ya manna wasu ƙananan ƙarafa masu kama da maɓalli da wani farin manne, kowanne da siririyar waya mai zuwa cikin na'ura. Ta can ƙasa likita ya zura masa siririyar roba ta hanyar fitsari, wadda ya nuna mana tun farko, mai ƙananan zobban ƙarfe a bakinta. Kawu ya runtse ido, ya riƙe gefen gado, bai yi ko tari ba.

Likita ya ce zai riƙa ƙara wutar a hankali, shi kuma ya faɗa da zarar ya ji wani abu. Aka ƙara, shiru. Aka sake ƙarawa, shiru. Ina kallon fuskar likitan. Can Kawu ya ce, "Tsaya. Kamar tururuwa na tahiya, nesa-nesa."

"Madalla. Yanzu ka saki jiki, kada ka cije haƙora, kada ka yi magana, kada kuma ka yi barci."

Ya bayyana mini cewa amsar ƙwaƙwalwa ƙarama ce ƙwarai, ba a ganinta da taɓawa ɗaya. Sai an yi ta maimaitawa, na'urar tana tara amsoshin tana tace su, har abin da yake na gaske ya fito fili a kan allo. Amma layin da ke kan allon ya ƙi kwanciya. Sai tsalle yake yi, ƙanana-ƙanana a jere kamar haƙoran zarto. Likita ya tsayar, ya sake farawa, ya sake tsayarwa. Ya yi wa ma'aikacin jinya magana da Faransanci, na ji yana cewa in abin ya ƙi sai a ɗaga zuwa wani mako. Wani mako kuwa yana nufin a sake zura wa Kawu wannan roba.

Kawu ya buɗe ido ɗaya ya ce, "An hana ni magana, amma a juyo mini allon in gani."

Aka juyo masa. Ya dube shi ɗan lokaci.

"Wanga ba kaina ba ne. Ƙugin kuran ne, wutar lantarki, ke shigo muku. Irin shi ke sa rediyo gurnani. Mi ke kunne cikin ɗakin ga?"

Akwai fanka a tsaye kusa da gado, akwai kuma ƙaramin firjin magani a lungu. Ya ce a kashe fankar, a cire wayarta daga bango gaba ɗaya. Sannan ya ce, "Ina mas ɗinku?" Yana nufin wayar da ke kwashe ƙugin wuta ta zubar. Likita ya ɗaga ƙyallen da aka ɗaura masa a hannu, sai ga shi ya bushe ya saki, zufa da zafi sun ɓamɓare shi. Aka jiƙa, aka sake ɗaurewa tam. Layin ya kwanta.

Likitan ya yi dariya har ya dafa bango. Kawu ya rufe idonsa ya ce, "To, yanzu tambaye ta."

Ɗakin ya ɗau zafi babu fanka. Na'urar tana ƙirga abinta. A hankali, a wani wuri a kan layin, na ga ya ɗan lotsa ƙasa sannan ya yi tozo. Likita ya sake yin awon tun daga farko. Lotsawar ta sake fitowa a wuri ɗaya. Sai ya ɗora yatsa a kai ya ce, "Baba, ga ka nan. Saƙon yana isowa. A makare yake zuwa, kuma da rauni, amma yana isowa. Jijiyar ba ta yanke ba."

Kawu ya daɗe yana kallon wannan ɗan tozo. Hawaye suka gangaro ta gefen idonsa suka shiga kunne, ga wayoyi a kansa ba halin ya share. Ya ce, "Alhamdu lillahi. Mushe, ba ni ruwa in sha."

An yi masa aiki a baya, aka ɗage ƙashin da ke matse jijiyoyin. Ba zan ce ya tashi garau washegari ba. Watanni ya yi yana koyon tafiya da sanda, yana koyon sauraron jikinsa. Aka koya masa yadda zai riƙa zura roba mai tsabta da kansa a kan lokaci don ya juye abin da ya rage a mafitsara, kuma har ya bar duniya bai rabu da wannan ba. Amma jin ya dawo. Ya zama yana sanin mararsa ta cika, yana iya riƙewa har ya kai bayan gida.

A nan ne faɗansa da Inna ya tashi. Da muka dawo Ƙonni, mutane suka cika zaure don yi masa barka. Wani dattijo ya ce, "Ya ƙafa, Mai rediyo?"

Kawu ya ce, "Ƙafa da sauƙi tun tuni. Hitsari ne ya zaunar da ni."

Ya ci gaba, ya kwashe labarin duka, da robar, da wayoyin kai, da fankar. Har ya sa aka ɗauko takardar da likita ya buga masa mai hoton layin, yana nuna wa kowa tozon da yatsa.

Inna ta jira baƙi suka tafi, ta shigo tana huci. "Yaya, shekara guda ina rufa maka asiri, kai kuma ka zo ka kware shi gaban surukanmu? Ɗiyanka mata na gidajen mutane. Mi kaka so a riƙa ce musu?"

"A ce musu ubansu ya yi ciwo ya warke."

"Akwai ciwon da ba a faɗi."

"Shi ya sa na yi shekara cikin ɗaki. Ke kin rufe don kina sona, na sani. Amma rufewar ba ta busar mini da wando ba ko sau ɗaya."

Inna ta ɗauki mayafinta ta fita. Wata biyu ba ta taka gidan ba, ko a hanya suka haɗu sai gaisuwar fatar baki. Ranar da ta dawo ina nan. Ta zauna a bakin ƙofa, ta gaishe shi kamar jiya suka rabu, ta yi ta zancen tsadar hatsi. Da za ta tashi sai ta ce, tana kallon ƙasa, "Mijin maƙwabciyata ya bar fita. Ta ce in tambaye ka, likitan nan wace rana shika ganin mutane." Kawu bai yi mata gori ba. Ya ce a gaya wa mutumin yana nan tafe bayan la'asar.

Daga nan rumfarsa ta zama wuri biyu. Mutum zai zo da tsohuwar rediyo wadda babu abin da ya same ta, ya zauna ya yi ta jan zance har sauran su watse, sannan ya matso ya yi ƙasa da murya. Kawu yana ganewa tun daga nesa. Ba ya ba da magani, ba ya cewa ga abin da ke damunka. Yakan ce, "Ban sani ba, kuma kai ma ba ka sani ba. Mu tahi a auna." Wanda ke tsoron asibiti, ya raka shi. Wanda ya kasa fitowa, ya hau kabu-kabu da sandarsa ya same shi har ƙauye.

Wanda ya fi ba shi wuya shi ne amininsa, wani Bafillace mai sayar da shanu daga wajen Alela, wanda Kawu ke kira Ardo ko da yake ba ardo ba ne. Sun yi shekara talatin suna shan fura tare kowace ranar kasuwa. Tun da Kawu ya fara faɗin ciwonsa a fili, Ardo ya ɗauke ƙafa, ya aiko da cewa ba zai zauna inda ake zancen rashin kunya ba. Kawu ya ji zafi, amma da ya yi tunani sai ya ce mini, "Ardo ba shi da saurin hushi. Akwai magana." Ya tafi rugarsu, ya tarar da shi a bayan garke ya durƙusa yana nishi, fitsarin ya ƙi fita sai ɗigo. Ya koma ya zauna a inuwa har Ardo ya fito. Suka sha nono. Sai Kawu ya ce, "Gobe za ni asibiti, kuma ƙafata ba ta son tahiya ni ɗaya. Ka raka ni." Ardo ya gane, ya kuma yarda a bar maganar a haka. Nasa bai kai ga wayoyin kai ba, toshewa ce irin ta tsufa, aka yi masa aiki a nan kusa. Har Kawu ya rasu, idan mutane suka tambayi Ardo, cewa yake yi shi ya raka Mai rediyo asibiti, kuma Kawu bai taɓa ƙaryata shi ba.

Ba wannan ciwo ne ajalinsa ba. Shekara tara ya ƙara a duniya bayan aikin. Zazzaɓi ne na kwana huɗu, ya cika da hantsi a ɗakinsa, matarsa da Inna suna gefensa.

Idan na tuna shi, ba kwanciyarsa ta ƙarshe nake gani ba. Wata Juma'a nake gani, kamar wata bakwai bayan dawowarmu daga Yamai. Na zo daga Malbaza na tarar ya yi wanka, ya sa farar riga da farin wando, waɗanda ya fi shekara biyu bai taɓa ba. Matarsa ta ce ko ya sa mai duhu, don ko da wani abu. Ya ce a'a. Ya yi alwala a tsakar gida, a hankali, ya ɗauki sandarsa muka fita. Ni na so mu tsaya a sahun baya kusa da ƙofa. Ya wuce ni, yana ratsa mutane suna matsa masa, har ya kai wurinsa na da a sahun gaba, ya shimfiɗa darduma.

Ranar liman ya ja huɗuba. Ban fahimci ko kalma ɗaya ba, idona yana kan bayan Kawu. Aka tayar da salla, aka yi ruku'u, aka yi sujada, aka sallame. Ya zauna ya ja carbinsa har ƙarshe, ya yi nafila raka'a biyu, sannan ya miƙe ya naɗe dardumar a gaban kowa, ya rataya ta a kafaɗa. Ta babbar ƙofa muka fita, yana tsayawa yana gaisawa da mutane hannu da hannu, ba ya sauri. Sai da muka kai inda ake ajiye takalma ya jingina da kafaɗata yana neman nasa da ƙafa, ya ce a hankali yadda ni kaɗai zan ji:

"Mushe, da alwalar gida na yi ta."

Allah ya karɓi waccan salla da duk waɗanda suka biyo bayanta, ya yafe masa kurakuransa, ya yalwata masa makwanci, ya ba mu haƙurin rashinsa.